Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Bambance Ciyayin Daji Masu Kama da Juna a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwan Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili bayan ɗaukewar damina ya san cewa ciyawa takan yi wa ido kama da abu guda, alhali kuwa a cikin taku goma ana iya tattake nau'i bakwai ko takwas. Amsoshin da ke ƙasa an tsara su ne domin ɗalibi da malamin gona da makiyayi da duk mai son ya san abin da ke gabansa da sunansa na gaskiya. A cikinsu, kalmar "jinsi" tana nufin rukunin ciyayi masu kusancin asali, wato kalmar farko ta sunan kimiyya, "nau'i" kuma yana nufin ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan rukuni.

Me ya sa ciyayi suka fi sauran tsirrai wuyar bambancewa?

Dalili na farko shi ne yawansu. Iyalin ciyawa, wanda masana ke kira Poaceae, yana da nau'i kusan 12,000 a duniya, kuma jinsi biyu kacal daga cikin waɗanda suka fi yawa a busassun ƙasashe, wato Aristida da Eragrostis, kowannensu ya ƙunshi nau'i wajen 300 ko fiye. Dalili na biyu shi ne iska ce ke ɗaukar musu bununi daga wannan tsiro zuwa wancan, saboda haka ba su da buƙatar fure mai launi da zai jawo ƙudan zuma, sai furensu ya ƙanƙance ya ɓuya a cikin ɓawo mai tsawon milimita kaɗan. Dalili na uku kuwa fari ne. Ƙarancin ruwa yakan tilasta wa ciyayin da ba su da wata dangantaka ta kusa su ɗauki siffa ɗaya, su siranta ganye, su naɗe shi kamar tsinke, su gajarta kara, har mai kallo daga nesa ya ɗauka 'yan uwa ne.

Ta yaya zan tabbatar cewa ciyawa ce ta ainihi, ba dangin aya-aya ba?

A murza karan a tsakanin yatsu biyu. Karan ciyawa zagayayye ne ko mai ɗan faɗi, yana da gaɓoɓi a fili, kuma ganyensa yana fitowa a layi biyu, dama da hagu. Karan yawancin dangin aya-aya yana da kusurwa uku, ba a jin gaɓa a jikinsa, ganyensa kuma yana fitowa ta fuska uku.

Waɗanne sassa ne ya kamata in koya kafin komai?

Sassa kaɗan ne, amma dole a san su da ido. Ganyen ciyawa kashi biyu ne: akwai kube, wanda ya rungume kara, akwai kuma shimfiɗaɗɗen ganyen da ya rabu da kara. A daidai mahaɗarsu, ta ciki, akwai ɗan harshe, wanda a wasu ciyayi fata ce siririya mai kama da ɓawon albasa, a wasu kuma jerin gashi ne, a wasu ƙalilan babu shi sam.

Kan ciyawa kuwa tarin ƙananan ƙunshi ne, kuma wannan ƙunshin fure shi ne ma'aunin da ake auna kusan kome da shi. A gindin kowane ƙunshi akwai ɓawon waje guda biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda ba su ɗauke da fure. A samansu akwai fure ɗaya ko jerin furanni, kowanne a lulluɓe da ɓawon ciki babba da ƙarami, kuma a nan ne ƙwaya take ƙulluwa. Sau da yawa babban ɓawon ciki yana ƙarewa da wani dogon sili mai kaushi. Tambayoyin da mai bincike zai yi wa kansa su ne: furanni nawa ne a ƙunshi ɗaya, wane ɓawon waje ne ya fi tsawo, sili nawa ne kuma daga ina ya fito, sannan idan ƙunshin ya nuna ya bushe, ta ina yake karyewa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda masu koyo suka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce ta fi sauran raba gardama.

Ba a ganin waɗannan abubuwa da kyau sai da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, tare da ɗan ma'auni mai layin milimita da allura ta buɗe ɓawo.

Shin tsayi da launi ba za su wadatar ba?

Ba za su wadatar ba, kuma su ne suka fi yaudarar mutum. Nau'i ɗaya yana iya tsayawa a tsawon ɗan yatsa a kan tsandauri, ya yi fure a haka, sannan ya kai gwiwa ko ƙugu a cikin kwari inda ruwa ke kwanciya. Launin ja ko shuɗi-shuɗi da ake gani a kan wasu ciyayi yakan zo ne daga zafin rana ko ƙarancin abinci a ƙasa, kuma yakan gushe idan tsiron ya bushe. Yawan gashi a ganye shi ma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Girman sassan ƙunshin fure da yadda aka jera su ne ba sa sauyawa sosai, ko an yi damina mai albarka ko an yi fari.

Mene ne amfanin sanin ko ciyawa mai damina ɗaya ce ko mai daɗewa?

Amfaninsa shi ne yana rage rabin aikin tun kafin a ɗauko gilashi, domin sau da yawa nau'i biyu masu kama da juna a nan suke rabuwa. Ciyawa mai damina ɗaya tana tugewa da sauƙi, saiwarta ƙanana ce marar zurfi, kusan kowane kara nata yana ɗauke da kai, kuma ba a samun ragowar bara a gindinta. Mai daɗewa tana da tauri wajen cirewa, gindinta cike yake da tsofaffin kube ko toka da baƙin wutar daji ta bara, kuma akwai toho da bai yi kai ba a tsakanin karan da suka yi. Wasu suna da kara mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma suna yaɗo a samanta suna kafa saiwa a kowace gaɓa. Wannan ne ya sa wanda ya tsinko kai kawai ya bar gindi a ƙasa ya bar rabin shaidarsa a daji.

Yaya ake raba ƙarangiya da 'yan uwanta?

Ƙarangiya ita ce Cenchrus biflorus, mai damina ɗaya, wadda ta mamaye yashin Sahel kuma ake samunta har Larabawa da Indiya. A jinsin Cenchrus ƙunshin fure yana zaune ne a cikin wani zobe na ƙayoyi ko gashi, kuma zoben yana faɗuwa tare da ƙunshin, ya bar ƙashin bayan kai tsirara mai lanƙwashe-lanƙwashe. Bambancin nau'o'in yana cikin wannan zobe.

A ƙarangiya, ƙayoyin ciki gajeru ne, masu tauri da faɗi, sun haɗe a gindi sun zama kamar ɗan faifai, kuma ƙananan haƙoran da ke jikinsu suna kallon baya. Wannan ne sirrin maƙalewarta: ƙayar tana shiga tufa ko fata da sauƙi, amma haƙoran suna hana ta fita. Cenchrus prieurii ita ma mai damina ɗaya ce kuma tana fitowa a yashi ɗaya da ƙarangiya, sai dai silinta dogaye ne sirara, suna kaiwa santimita 2, haƙoransu kuma suna kallon gaba, don haka ba ta kama jiki irin kamun ƙarangiya. Ana iya gwada wannan da yatsa: a shafa silin daga gindi zuwa tsini, sannan a dawo. Idan ya yi santsi a tafiya ya yi kaushi a dawowa, haƙoran gaba suke kallo.

Cenchrus ciliaris kuwa mai daɗewa ce, tana yin tushe mai ƙulle-ƙulle, silinta masu laushi ne, ƙasansu yana da gashi kamar gashin tsuntsu, kuma ɗaya daga cikinsu yakan fi sauran tsawo. Makusanciyarta, Cenchrus setiger, ita ma mai daɗewa ce, amma ƙayoyinta gajeru ne tsayayyu da suka haɗe suka zama ɗan ƙoƙo mai haƙora, ba su da wannan gashi mai laushi.

Kyasuwa iri ɗaya ce, ko akwai wadda ake ruɗa ta da ita?

Akwai. Kyasuwar da aka fi sani ita ce Pennisetum pedicellatum, kuma ana yawan haɗa ta da Pennisetum polystachion, domin dukansu suna da kai mai laushi mai launin ja-ja. Idan aka ɓare zoben gashin da allura, za a tarar a kyasuwa akwai ƙunshi ɗaya zuwa biyar, kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu yana tsaye a kan ɗan siririn maratayi, wanda daga gare shi ne ma sunanta na kimiyya ya samo asali. Gashin zoben kuma ya cukurkuɗe kamar auduga. A ɗayar, ƙunshi ɗaya tak ake samu a kowane zobe, a zaune ba tare da maratayi ba, kan nata kuma ya fi siranta.

Wata ruɗanin kuma tana zuwa daga jinsin Setaria, wanda shi ma yake da kai mai gashi kamar wutsiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a murza busasshen kai a tafin hannu. Idan ƙwayoyin sun zube amma gashin ya tsaya a jikin kara, Setaria ce. Idan gashin ya tafi tare da ƙwayar, dangin kyasuwa ne.

Ciyayin nan masu sili uku fa, ta ina ake kama su?

Sili uku a kan fure ɗaya alama ce ta Aristida da makusancinsa Stipagrostis. Rabuwar farko a fili take: idan aƙalla silin tsakiya yana da gashi kamar gashin tsuntsu, har fili ya riƙa ƙyalli fari idan rana ta karkata, to Stipagrostis ne, jinsin da ya fi yawa a cikin hamada sosai kamar Sahara da Namib. Idan duk silin uku tsirara suke, sai kaushi kawai, Aristida ne.

A cikin Aristida kuwa, abin dubawa shi ne wurin da ke tsakanin ƙwaya da inda silin uku suka rabu. A wasu nau'o'i akwai wuya siriri a murɗe kamar igiya, a wasu babu. Aristida adscensionis, wadda Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa wa suna a 1753 daga samfurin da aka samo a tsibirin Ascension, kuma wadda ta bazu a kusan duk busassun ƙasashe masu zafi na duniya, ba ta da wannan murɗaɗɗen wuya, silinta suna fitowa kai tsaye daga bakin ɓawo kuma ba sa cirewa. Aristida mutabilis tana da wuya, kuma idan ta bushe aka ja silin a hankali, suna ɓallewa ne a saman wuyan, su bar shi a jikin ƙwaya. Aristida funiculata tana da wuya mai tsawon gaske, kuma nata yana karyewa ne a ƙasa, wato wuyan yana tafiya tare da silin. Akwai shaida ta biyu da ke ƙarfafa wannan: a funiculata ɓawon waje na ƙasa ya fi na sama tsawo, alhali a sauran biyun na sama ne ya fi. Gwajin jan silin ba ya yiwuwa da ɗanyen kai, domin mahaɗar ba ta nuna ba, kuma ƙarfin hannu zai iya tsinka shi a inda ba nan ba ne.

Murɗaɗɗen wuyan nan yana da aiki. Yana warwarewa idan ya jiƙe, ya sake murɗewa idan ya bushe, ta haka yake cusa ƙwayar mai tsinin gindi cikin ƙasa, kuma ta haka ne take huda fatar tumaki da bakinsu idan ta maƙale.

Ciyayin da kansu ya rabu kamar yatsun hannu suna da yawa. Yaya ake tantance su?

A fara da ƙarshen yatsan. A guɗe-guɗe, Dactyloctenium aegyptium, yatsun gajeru ne masu kauri, kuma ƙashin bayan kowanne yana zarcewa ya ƙare da ɗan tsini tsirara. A tuji, Eleusine indica, yatsan yana ƙarewa ne da ƙunshin fure, kuma sau da yawa akan sami yatsa ɗaya da ya sauko ƙasa da sauran. Dukansu biyu suna da furanni da yawa a kowane ƙunshi. Kiri-kiri, Cynodon dactylon, yana da yatsu sirara da fure ɗaya a ƙunshi, ɗan harshensa jerin gashi ne, kuma mai daɗewa ne da ke yaɗo a sama da ƙarƙashin ƙasa. Harƙiya da sauran Digitaria suna kama da shi daga nesa, amma ɗan harshensu fata ce, ƙunshinsu kuma yana zuwa bibbiyu ko uku-uku, ɗaya a kan maratayi mafi tsawo. Idan yatsun suna da sili, sai a duba Chloris, ko kuma Schoenefeldia gracilis, wadda dogayen silinta suke sarƙewa da juna kamar kitso.

Burburwa da danginta fa?

Eragrostis jinsi ne da yake gajiyar da ƙwararru ma, kuma ba na ganin laifin mai koyo idan ya tsaya a sunan jinsi a karon farko. Duk da haka akwai waɗanda ake ganewa. Burburwa, Eragrostis tremula, tana da dogayen ƙunshi sirara masu furanni da yawa, a rataye a kan maratayi kamar zare, suna rawa da ƙaramar iska. Idan ta nuna, manyan ɓawon ciki suna zubewa daga ƙasa zuwa sama, ƙashin tsakiya ya tsaya. Eragrostis ciliaris tana da kai a cunkushe mai kama da ulu saboda dogon gashin da ke gefen ƙaramin ɓawon ciki, kuma ƙunshinta yana karyewa ne daga sama zuwa ƙasa. Eragrostis cilianensis da Eragrostis minor duk suna da ƙananan ƙuraje a gefen ganye, ɗanyensu kuma yana da wari. Ana raba su da ma'auni, domin faɗin ƙunshin ta farko yana tsakanin milimita 2 da 4, na ta biyu kuwa ba ya wuce 2.

Sporobolus yana da buɗaɗɗen kai mai kama da nasu, amma fure ɗaya ne a kowane ƙunshi, kuma idan aka jiƙa ƙwayarsa, takan sulɓe ta fita daga fatarta.

Idan ciyawar ba ta yi kai ba, ko dabbobi sun cinye kan, akwai abin yi?

Akwai, amma a sani cewa amsar da za a samu zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. Ɗan harshe yana taimakawa: Echinochloa colona ba ta da shi ko kaɗan, alhali wasu 'yan uwanta na bakin ruwa suna da jerin gashi. Ƙamshi ma shaida ne, domin murza ganyen tsaure ko nobe, waɗanda duk Cymbopogon ne, yana raba su nan take da gamba, Andropogon gayanus, wadda ba ta da ƙamshi amma tana da farar jijiya mai kauri a tsakiyar ganye, gindin ganyen kuma yakan tsuke har ya kusa zama jijiyar kaɗai. Yana da kyau a duba ƙasa a gindin tsiron da cikin tsofaffin kube, domin sau da yawa akan tsinci ƙunshin bara a maƙale.

Zan iya dogara da sunan da mutanen wuri suke kiran ciyawa da shi?

Sunan gargajiya ilimi ne na gaske, kuma makiyayi yakan san halin ciyawa, lokacin fitowarta da irin ƙasar da take so, fiye da wanda ya karanta ta a takarda. Sai dai an raɗa waɗannan sunaye ne bisa amfani da kamanni, don haka suna ɗaya yana iya rufe nau'i uku ko huɗu, nau'i ɗaya kuma yana iya samun suna daban a kowane yanki. A rubuta sunan da wurin da aka ji shi, sannan a tabbatar da gilashi.

Sunan kimiyya shi ma yana motsi. A 2010, bayan nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa Cenchrus ya tsiro ne daga cikin Pennisetum, an haɗe su a ƙarƙashin Cenchrus, kyasuwa ta koma Cenchrus pedicellatus, gero kuma Cenchrus americanus. Haka aka mayar da yawancin Brachiaria zuwa Urochloa. Tsofaffin littattafai ba su lalace ba saboda wannan, bayanin siffofin da ke cikinsu yana nan daram, sunan ne kawai ake bi a daidaita.

Me ya sa nake samun tsiron da ya tsaya tsakanin nau'i biyu?

Wani lokaci kuskuren awo ne, ko an ɗauki kan da bai nuna ba, don haka a auna ƙunshi goma daga tsirrai daban-daban kafin a yanke hukunci. Wani lokaci kuma barbara ce ta gaske. Misali sananne shi ne gero da kakansa na daji a Sahel, waɗanda suke barbarar juna su haifar da shibra, mai kamannin gero amma mai zubar da ƙwayarta da kanta. Akwai kuma ciyayi irin Cenchrus ciliaris da suke ƙulla iri ba tare da barbara ba, kowane zuri'a ya zama kwafin uwarsa, sai a sami siffofi barkatai a cikin nau'i guda. Gwajin ƙwayoyin gado yana taimakawa, amma sassan ƙwayoyin gado biyu da masana suka amince da su a 2009 a matsayin ma'aunin gane tsirrai, waɗanda ake kira rbcL da matK, sau da yawa ba sa iya raba ciyayi masu kusanci ƙwarai.

Kuskure a nan yana da wata illa ta zahiri?

Yana da ita. Wanda ya tara irin ciyawa mai damina ɗaya yana zaton mai daɗewa ce domin farfaɗo da makiyaya ko tsayar da yashi, zai ga filinsa tsirara a rani mai zuwa. Ciyawar da ke da amfani a gidanta kuma tana iya zama annoba a wani wuri: gamba, da aka kai arewacin Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwo, yanzu tana haddasa gobarar daji mai tsananin da ke kashe itatuwa, haka ma Cenchrus ciliaris a hamadar Sonora ta Amurka da Meziko da kuma tsakiyar Ostireliya. Masu yaƙi da su suna buƙatar gane su tun suna ƙanana, ba tare da sun hallaka ciyayin asali masu kama da su ba.

Manhajojin waya masu gane tsirrai daga hoto suna aiki a kan ciyawa?

Sukan kai mutum ga jinsi, amma ba safai suke kai shi ga nau'i ba, saboda abin da ke raba nau'o'in ba ya fitowa a hoton da aka ɗauka a tsaye. Idan za a yi amfani da su, a ɗauki tsiron gaba ɗaya, da kai, da mahaɗar kube da ganye, sannan a baje ƙunshi kaɗan a kan takarda mai duhu kusa da ma'auni, a ɗauka ta cikin gilashin hannu.

Yaya zan adana samfuri domin masani ya duba?

A haƙo tsiron da saiwarsa, a kakkaɓe ƙasar, a zaɓi wanda kansa ya nuna amma bai gama zubewa ba, kuma a ɗauki biyu ko uku. Idan ya fi takarda tsawo, a lanƙwasa shi sau ɗaya ko biyu maimakon a yanke. A shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridun kullum har ya bushe. Ciyawa tana bushewa da wuri fiye da yawancin tsirrai. Kada a bar shi a leda, domin zai yi fumfuna cikin kwana biyu. Ƙunshin da suka zube a tattara su a ɗan ambulan a haɗa da samfurin. A takardar bayani a rubuta kwanan wata, da wurin daidai gwargwado, da irin ƙasar, ko yashi ce ko laka ko tsakuwa, da tsayin tsiron, da launinsa da ƙamshinsa yana ɗanye, da ko yana yin tushe ɗaya ko yana yaɗo, tun da waɗannan ba za su bayyana a busasshen samfuri ba. Jami'o'i da cibiyoyin binciken gona da na gandun daji da yawa suna da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake kwatanta sabon samfuri da waɗanda aka riga aka tantance, kuma manyan ma'ajiyoyi irin ta Kew a Ingila sun ɗora hotunan samfura masu ɗimbin yawa a intanet, har da na asali waɗanda aka raɗa sunayen a kansu.